Kayan Jariri a Haihuwar Fari: Tambayoyin Sabbin Iyaye a Kano da Amsoshinsu

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke ta dawowa a bakin masu jiran ɗan fari a cikin garin Kano: a layin awo, a ɗakin uwar miji, da gaban mai shago lokacin da ya baje kaya yana cewa duk sai da su. Abin da na lura da shi, kuɗin sabbin iyaye yakan ƙare ne a kan kayan da ido ke so, alhali abubuwan da ke tsare lafiyar jariri ƙanana ne, masu araha. Ban kawo farashi ba, domin yana canjawa kusan kullum. Abin da ya shafi magani kuwa, maganar likita ko nas ɗin da ta duba yaronku ita ce gaba da tawa.

Yaushe ya kamata mu fara sayen kaya?

Da ciki ya kai wata shida zuwa bakwai. A lokacin jiki bai yi nauyin da zai hana shiga kasuwa ba, kuma haihuwa ba ta jiran ranar da aka rubuta a kati. Akwai gidajen da manya ba sa son a ga kayan jariri kafin a sauka lafiya, wasu don kunyar ɗan fari, wasu don gudun baki. Ba sai an yi jayayya da su ba. A haɗa jakar asibiti a shiru, a ajiye ta inda maigida ya sani, sauran kaya su jira.

Jiran ma yana da riba. 'Yan barka za su zo da sabulu, omo, riguna da man shafawa, wani lokaci har baho biyu su haɗu a ɗaki ɗaya. Wanda ya cika akwati tun kafin haihuwa zai ga ya sayi abin da za a kawo masa kyauta. Idan kuma gida za ki tafi goyon ciki, ki tambayi Umma abin da ke akwai a can, kada a sayi bokiti da tukunyar wanka sau biyu.

Me ake sawa a jakar asibiti?

Kowane asibiti yana ba da jerin kayan haihuwa a wajen awo, ko Asibitin Murtala ne, ko na Malam Aminu Kano, ko na cikin unguwa. Wannan takardar ita ce abin bi. Bayan ita, ga abin da kusan kowa ke bukata: tsofaffin zannuwa masu laushi uku ko huɗu, audugar mata babba, ledar shimfiɗa, sabulu, filas, fitila mai caji da cajar waya. Na jariri kuma tawul biyu, hula, safa, riga biyu, pampas mafi ƙanƙanta da maganin cibiya. Tawul biyun ba almubazzaranci ba ne: da ɗaya ake tsane shi, a ajiye wannan jiƙaƙƙen, a lulluɓe shi da busasshen a kan ƙirjin uwarsa, domin jariri jiƙaƙƙe yana saurin ɗaukar sanyi ko da a watan Afrilu ne.

Katin awo da sakamakon gwaje-gwaje da hoton ciki su shiga leda ɗaya a saman jaka. Kai kuma maigida, akwai kayan da ba a sawa a jaka amma suna wuyanka: lambar mai adaidaita sahu ko maƙwabci mai mota da zai amsa waya da ƙarfe biyun dare, ɗan'uwan da aka yi magana da shi tun da wuri ko za a nemi jini, da kuɗin da aka ware ba a taɓa su.

Kayan sawa nawa za su isa?

Riguna shida zuwa takwas na auduga, hula biyu, safa biyu ko uku, shawul biyu. Jariri yakan ninka nauyin da aka haife shi da shi a wajen wata biyar, saboda haka kayan da aka rubuta wa wata 0 zuwa 3 ba sa daɗewa. Gara a rage su, a ƙara na wata 3 zuwa 6. Ku zaɓi masu buɗewa ta gaba ko masu maɓalli a ƙasa, don canjin pampas da tsakar dare ya zo da sauƙi. Riga mai leshi da duwatsu da tauri a wuya, guda ɗaya ta ranar suna ta wadatar. Ku sa hannu cikin rigar ku shafa ɗinkin. In ya karce ku, shi ma zai karce shi.

Ku lissafa watan da ake sa ran haihuwa. Ɗan Maris zuwa Mayu, singileti da pampas ne rabin rayuwarsa. Ɗan Disamba da Janairu shi ke bukatar riga mai haɗe da wando har ƙafa, da hular sanyi. Akwai ƙarin bayani a amsar zafi da hunturu can ƙasa.

A ina ake saye a Kano, kuma gwanjo ya halatta ga jariri?

Sabon Gari ita ce ta fi tara kayan jarirai wuri ɗaya. Zanin goyo da atamfar mai jego a Kantin Kwari, robobi irin su baho da bokiti da kwandon kaya a Ƙofar Wambai, sabulu da omo a farashin sari a Singa, kayan yajin jego kuma a Kasuwar Rimi. Ku tafi da jeri a rubuce da kuma wadda ta taɓa haihuwa. Ita ce za ta ce wa mai shago a'a lokacin da ku kunya ta hana ku.

Gwanjo ba abin kunya ba ne. Sau da yawa audugarsa ta fi ta wasu sabbin kayan masu sheƙi laushi da shan gumi. A wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge. Haka kayan da yaran yayarki suka bari. Waɗanda ban yarda a saya na hannu ba su ne kan fida, katifar da ta lotsa, da kujerar jariri ta mota da ba a san ko ta taɓa shiga haɗari ba. Magani da madara kuwa, sai a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba a tiren da ya yini cikin rana ba.

Pampas ko nafkin?

A makonnin farko jariri yana ɓata takwas zuwa goma sha biyu a rana, wato kusan 300 a wata. Ku ɗora wannan a kan albashi kafin ku yanke shawara. Nafkin ya fi araha a tsawon lokaci, amma yana cin ruwa da omo da ƙarfin mai wanki, kuma a unguwar da sai an sayi ruwa wajen 'yan garuwa, shi ma kuɗi ne. Da damina bushewarsa aiki ce. Abin da gidaje da yawa suka tsaya a kai shi ne nafkin da rana a gida, pampas da dare da lokacin fita. In haka za ku yi, dozin biyu na nafkin da wandon roba uku za su riƙe ku.

Kada a sayi katan-katan na mafi ƙanƙanta. Girman pampas da kilo yake tafiya, an rubuta a jikin leda. Jan gindi da ƙuraje yawanci daga barin jiƙaƙƙe ne a jiki saboda ana tsimi. A canja da wuri, a wanke da ruwa mai ɗumi da auduga, mace daga gaba zuwa baya, a bar wurin ya sha iska, sannan a shafa basilin. Don Allah kada a jefa pampas a kwata ko masai. Duk wanda ya ga yadda lungunan cikin gari ke cika da ruwa a watan Agusta ya san abin da toshewar magudana ke jawowa.

Dole ne sai mun sayi gadon jariri?

Ba dole ba ne. Abin da ke dole shi ne yanayin wurin kwanciyar: shimfiɗa mai ƙarfi wadda ba ta lotsawa, a miƙe, a kwantar da shi rigingine, ba rub da ciki ba, a ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata shida na farko. Babu matashi, babu bargo mai nauyi, babu 'yar tsana a gefen fuskarsa. Ƙananan gadajen nan da ake sayarwa da ɗan matashi da tudu mai laushi kewaye, a cire matashin. Jariri ba ya iya ɗauke fuskarsa in abu ya toshe masa hanci, kuma ba ya yin ƙarar da za ta tashi mai barci.

Gaskiya ita ce yawancin iyaye mata a nan da jaririnsu suke kwana gado ɗaya saboda shayarwa. In haka ne, kada ya kwanta tsakanin mutum biyu, ko a bakin gado, ko kusa da ratar da ke tsakanin katifa da bango, kuma kada yara su kwanta gefensa. Mafi haɗari shi ne barci ya kwashe uwa a kan kushin da shi a hannu. Wanda ya sha maganin da ke sa barci ko yake shan taba, kada ya kwana da jariri a shimfiɗa ɗaya. Bakwaini da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, a yi masa tasa shimfiɗar daban.

Yaya za mu yi da sauro?

In aka ce in zaɓi abu ɗaya a duk wannan shafin, gidan sauro mai magani zan zaɓa. Sau da yawa ana ba da shi kyauta a wajen awo a asibitocin gwamnati. Sabo a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura, sannan kowane dare a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, a duba ko ya huje. Ƙaramin nan mai buɗewa da rufewa da ake kifawa a kan jariri yana da amfani da rana a falo ko tsakar gida, amma yawanci ba shi da magani, kuma yaro yana saurin fin ƙarfinsa.

Maganin sauro na hayaki a rufaffen ɗaki yana cutar da huhun jariri. Fiya-fiya kuwa guba ce, bai kamata ta kwana a gidan da ke da yaro ba. In za a fesa na gwangwani, a fitar da jariri, a rufe ɗaki, daga baya a buɗe tagogi har warin ya tafi. Da damina ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida wata-wata da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Idan ya kai, ku karɓa, ku cika kwanakin shansa.

Wane kayan wanka da na shafawa muke bukata?

Baho ɗaya, bokiti, ƙyalle mai laushi a madadin soso, sabulu marar ƙamshi mai ƙarfi, tawul biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24. Farin maiƙon da ake haifar jariri da shi yana kare fatarsa, kuma barinsa kwana ɗaya ba ya sa mutum wari idan ya girma, duk da na san tsoron da kakanni ke yi ke nan. Ruwan sanyi ake fara zubawa kafin na zafi, a gwada da gwiwar hannu, a kawar da filas da tukunya nesa da ƙafar mai wanka. Ba a barin jariri cikin ruwa shi kaɗai ko don amsa sallama.

Man zaitun, man kaɗanya mai tsabta ko basilin, ɗaya ya isa. Man zafi mai yaji a hanci ba na jariri ba ne. Man ƙara hasken fata kuwa, kada ya kusanci jikinsa. Launin da Allah ya ba shi zai zauna a kansa, sinadaran kuma suna ratsa fatar jariri fiye da ta babba. Hoda ƙurarta tana shiga numfashi, kuma tana dunƙulewa a matsematsi da wuya. Barinta ya fi.

Sai kwalli. Na san ana ganin jariri bai cika kyau ba sai da shi, amma kwallin dutse yana ɗauke da dalma, gubar da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da an ga alama ba. Irinta ce ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can ta hanyar haƙar zinare ta zo. Idon jariri ba ya bukatar komai sai gogewa da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce.

Me ake sa wa cibiya?

Maganin chlorhexidine mai kauri na kashi 4 cikin 100, wanda ake sayarwa a ɗan bututu, shi hukumomin lafiya na Najeriya suka amince da shi. A wanke hannu, a shafa sau ɗaya a rana a kan cibiyar da gindinta, a naɗe bakin pampas ƙasa da ita don ta sha iska. Takan faɗi da kanta tsakanin kwana 5 zuwa 15. Ba a janta, ba a gaggauta ta. Wannan magani na cibiya ne kawai. An samu jariran da suka rasa ganinsu saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure, don haka ku nuna wa duk mai taya ku reno, kuma kada ku ajiye shi tare da maganin ido.

Man goge baki, toka, gishiri, man zafi da gashi da tsumma ko ƙasa mai zafi, duk hanyoyi ne da ƙwayoyin cuta ke shiga jini, har da na ciwon sarƙe haƙora. In kun ga gindin cibiya ya yi ja, yana ruwa ko wari, ko jariri ya ƙi kama nono, asibiti ne a ranar.

An ce kada a sa kafur a akwatin jariri. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma mutane kaɗan ne suka sani. Yara da yawa a Najeriya, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan yaran, warin kafur da ya kama tufafi kaɗai yana iya farfasa musu jini, shawara mai tsanani ta biyo baya. Ba a gane wanda ke da shi da ido. Duk kayan da suka kwana da kafur, har zanin uwa da gwanjo, a wanke su sosai a shanya. Lalle ma yana iya yi wa irin waɗannan yaran haka, don haka ba a sa wa jariri. Turaren wuta kuma a turara shi nesa da inda yake kwance.

A makon farko ku riƙa duba idonsa da fatarsa a hasken rana, ba a hasken fitila ba. In rawaya ta bayyana a ranar farko, ko ta sauko ciki da tafin hannu da na ƙafa, ko ya cika barci ba ya tsotso, ku tafi asibiti. Da wata fitila mai shuɗin haske ake maganinta. Shanya shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ɓata lokaci ne, kuma shawarar da aka bari ta yi yawa tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji har abada.

Mu sayi fida da madarar gwangwani mu ajiye ko da za a bukata?

Shawarata a'a. In suna ɗaki, daren farko da jariri ya yi kuka za a ce nono bai isa ba, a haɗa masa. Nono da tsotso yake zuwa. In aka rage tsotso, shi ma sai ya ragu. A sa shi a nono cikin awar farko bayan haihuwa, kada a zubar da dakashi, wannan kakkauran ruwan farko shi ne kariyarsa ta fari. Daga nan nono zalla har wata shida, ba ruwa, ko a tsakiyar zafin Kano, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Alamar yana ƙoshi ita ce jiƙa nafkin shida ko fiye a rana bayan kwanakin farko, da ƙaruwar nauyi a sikeli. Zuma sai ya shekara. Masu yin tahniki da dabino, ɗan shafawa ne a dasashi da hannu mai tsabta, ba ciyarwa ba.

Akwai inda madara ke zama dole: rasuwar uwa, ko rashin lafiya, ko umarnin likita. Wadda ta samu kanta a nan kada ta zargi kanta. A sayi ta jarirai ta matakin farko, ba madarar shayi ba. A tafasa ruwa, kada ya wuce minti 30 da saukewa, a zuba ruwan tukuna sannan garin, daidai awon da aka rubuta, ba a tsinka ta don gwangwani ya daɗe. Wadda ta kai awa biyu da haɗawa a zubar. Ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa. In fida ce, sai da burushinta da tafasawa kullum, in ba haka ba gudawa ce.

Zan koma aiki ko makaranta. Sai na sayi injin tatsar nono?

Na hannu mai araha ya isa, tatsa da hannu ma tana yi idan nas ta nuna miki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kofuna masu murfi da za a iya tafasawa. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, da zafi kuwa ƙasa da haka, sannan kwana huɗu a firjin da wuta ba ta yanke masa. Tunda wutarmu ba ta da tabbas, ki tatsa na ranar kawai. A ɗumama shi ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta.

Wane magani za mu ajiye a gida?

Kafin kowane magani, ma'aunin zafin jiki mai batir. Tafin hannu yana yaudara. A hammata ake sawa. Daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5. Jaririn da bai kai wata uku ba, in ya kai 38, ko ya sauka ƙasa da 35.5, ba a ba shi farasitamol a zauna jira, asibiti ake nufa ko da dare ne. Haka in yana numfashi sau 60 ko fiye a minti, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko yana jijjiga, ko ya saki jiki. Tun kafin haihuwa ku san wurin da ke karɓar yara da dare mafi kusa da ku, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero ne ko wani.

Bayan ma'auni, sai fakitin gishiri da sukari na gudawa da ƙwayar zinc, da sirinjin auna magani, da ɗan abin yanke farce. Magungunan haƙori da na kumburin ciki da jiƙe-jiƙe, ku bar su a kanti. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani maganin haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a ƙasar nan saboda gurɓataccen sinadari. Fitowar haƙori ba ta bukatar kwalba, kuma zazzaɓi mai zafi ko gudawa ba a jingina su ga haƙori a zauna.

Zanin goyo, keken turawa, kujerar mota: wanne ne na gaske?

Zanin goyo da majanyi, biyu-biyu saboda wanki. Keken turawa ba ya tafiya a lungu mai kwata da yashi, ba ya shiga adaidaita; sai dai mai mota da ke zuwa manyan kantuna. A watannin farko wuya bai tsaya ba, don haka zani ya tallafo har ƙeya, fuska a juye gefe, hanci a buɗe. Abin da nake yawan gani yana tayar min da hankali shi ne jariri a baya an rufe shi ruf da dogon hijabi mai kauri da tsakar rana, ba a ganin ko ƙafarsa. Ki ɗaga hijabin, ki bar masa iska, ki riƙa taɓa shi. Kafin ki shiga adaidaita ki kwance shi ki dawo da shi gaba, saboda ƙarfen ƙofa da na bayan kujera daidai kansa suke.

Masu mota, kujerar jariri ita ce babban kayan da ya cancanci kuɗinsa. A kujerar baya ake ɗaure ta, jariri yana fuskantar baya. Hannun uwa ba ya iya riƙe yaro idan aka taka birki da ƙarfi.

Yaya za mu yi da zafi da hunturu, ga rashin wuta?

Fanka mai caji da fitila mai caji sun fi gado mai ado amfani. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. A rage masa kaya, fanka ta riƙa juyawa ba ta tsaya a kansa ba, a yawaita ba shi nono. Ku taɓa ƙirjinsa ko ƙeyarsa don gane ko ya ji zafi, ba hannu da ƙafa ba. Da hunturu a ƙara masa riga ɗaya a kan abin da babba ya sa, a yi wanka da hantsi a ɗaki rufe, a shafa mai saboda bushewar fata. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji wari ba, haka hayaƙin janareta kusa da taga. Ƙaramin jariri ko bakwaini, ɗumin da ya fi masa shi ne a manna shi a ƙirjin uwa ko uba fata da fata, da hula a kansa, a ɗaure da zani.

Keken koyon tafiya fa?

Kada ku saya, in an kawo kyauta ma ku ajiye. Ba ya sa yaro saurin tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu, rijiya ko matattakala kafin a ankara. Ƙasar Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Tabarma mai tsabta a ƙasa ita ke koya wa yaro juyi da rarrafe. Abin wasa kuma, duk wanda zai iya shigewa baki gaba ɗaya ba nasa ba ne, kuma ba a rataya wa jariri zare ko sarƙa a wuya.

Ita mai jegon, me za a tanadar mata?

Ana yawan manta ta a lissafi. Audugar mata mai yawa, rigunan nono na auduga, riguna masu buɗewa ta gaba, maganin ƙarin jini da aka rubuta mata, da abinci mai kyau: nama, ƙwai, wake, ganye. Ruwan wankan jego ya zama mai ɗumi da jiki zai ɗauka, ba mai saluɓe fata ba, kuma wadda aka yi wa tiyata ta tambayi likita tukuna. Kunun kanwa a sassauta, musamman ga mai hawan jini. Likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suna kuma gargaɗi kan yawan kanwa. Kumburin ƙafa, haki, kasa kwanciya a miƙe, ciwon kai mai tsanani ko zubar jini mai yawa, ba a jira arba'in da su.

Akwai abin da za mu shirya wa ranar suna da zuwan wanzami?

Sabuwar reza a cikin takardarta, ku buɗe da hannunku. Aski kawai, cire beli da sauran yanke-yanke likitoci sun hana, saboda zubar jini da shigar cuta. Wannan magana ce da maigida zai yi da manya tun kafin ranar, cikin ladabi, don kada a bar mai jego da ita ita kaɗai. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa don masu ɗaukar jariri, mai mura kuma ta yi barka daga nesa.

Wace takarda ce ba za mu yi wasa da ita ba?

Katin riga-kafi. Ku saya masa jakar leda mai zif. Ana fara allura da ɗigon baki tun ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15, kyauta a asibitocin gwamnati. A jikin katin ake rubuta nauyinsa, wanda shi ne amsar tambayar ko nono yana isarsa da aka yi a sama. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ma ta shiga wannan jakar, ku ɗauki hoton duka biyun a waya.

In ya kai wata shida, sai mu ƙara me?

Ƙaramin kofi, kwano mai murfi da cokali mai laushin baki, nasa shi kaɗai. Ba a bukatar injin niƙa na musamman. Bayan cokali yana dame dankali da wake da ƙwai. Kunu ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a ƙara masa gyaɗa ko waken suya, kada a zuba shi a fida. Ruwan shansa a tafasa, a ajiye a mazubi mai murfi. Nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. A wannan lokacin ne kuma za ku bi ɗaki da tsakar gida ku ɗauke kalanzir, magunguna da wayoyin wuta zuwa sama, ku sa wa rijiya murfi mai kwaɗo, ku daina barin ruwa a buɗaɗɗen bokiti, domin rarrafe ya kusa.